Alamar Uwar Gona

Wani mutum ne a unguwarmu a Zariya, Malam Sallau. Kwana huɗu ya taɓa yi a Faris, shekara tara ke nan bai bar mu mun huta ba. Ko kwanon sha ka miƙa masa, sai ya karkata kai ya ce launin bai zauna ba.

Rannan Zulai, maƙwabciyarsa, ta baje kolin aikinta a ɗakin taro. Ita haɗa-haɗa take yi: tsumma, wuri, tsohuwar jarida, ta manna su a allo har mace ta fito. Hajiya Gambo mai shirya taron kuwa tana neman alƙalin gasar baɗi. Sallau ya ƙwallafa rai a kujerar nan, har sabuwar hula ya saya.

Ya ja Hajiya gaban babban allon, mu kuma muka bi yuuu. Uwar Gona ce ta mutanen da, da damin gero a ka, zanenta shuɗi. A tsakiyar zanen akwai wani tabo mai kusurwa uku.

"Hajiya, kin ga wannan? Alamar haihuwa ce. Saƙar Timbuktu, shekara ɗari uku ba ko ɗaya. Irinsa biyu ne a duniya, ɗayan na gan shi a Faris."

"Ikon Allah!" in ji Hajiya.

Ya kai hanci, fuuu, ya lumshe ido. "Ƙanshin tarihi!"

Zulai ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. "Yarinya, ke mannawa kika iya. Fassara tamu ce."

Wallahi har na fara yarda. Sai ga Tabawa, matarsa, ta kutso da jaka a hammata. Ta leƙa, ta tafa hannu.

"Laa! Zulai, ashe nan kika kai shi? Malam, wandonka ne fa!"

"Wane wando?"

"Shuɗin nan da ka ce kai za ka goge da kanka, irin gugar Faris. Ka ɗora dutsen guga a mazaunai ka tsaya ba ni labari, ya ƙone ƙurmus. Na zuba mata cikin tsummokara."

Hajiya Gambo ta dubi tabon, ta dubi bayan Sallau, ta gyara gilashi.

"Malam, ɗayan da ke Faris, shi ma kai ka goge shi?"