Wayar da na haɗe a ƙarƙashin kujera

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin wata Alhamis ba, kuma ko na so in manta, ma'aikatan masaukin Hajiya Mariyama ba za su bar ni ba. Ni mai gyaran inji ne. Shekara goma sha ina gyaran motopom, wato injin ban ruwa, a garaken albasa na Tabelot kafin in dawo gida Agadas, kuma in gaya maka gaskiya, na dawo da kai a kumbure. A ganina duk abin da ke shan isansi, wato fetur, a duniyar nan ƙanena ne.

Hajiya tana da masaukin baƙi a gefen gari, da wani fili na ciyawa shar wanda take ji da shi fiye da ɗakunan. (A Agadas in kana da gazon, ai dole ka yi taƙama.) Da wasu Turawa za su bar gari ta sayi 'yar motar yankan ciyawarsu, irin wadda ake hawa a zauna, ga wuƙaƙe biyu suna juyawa a ƙarƙashin cikinta. Tondez suke ce mata. Mai tuƙa ta na farko, Sule, wani ƙato ne mai tumbi. Da ya tafi haƙar zinari aka kira ni.

Kada ka ɗauka sakarai ne ni gaba ɗaya. Na kula da ita yadda ya kamata. Kowace safiya sai na duba luwil, wato baƙin man inji, na kakkaɓe yashin da ya cika matatar iska, na taɓa tayoyi. In zan wasa wuƙaƙe sai na cire wayar buji, mai ba inji wuta, tukuna, don kada ta tashi hannuna na ciki. Kafin in fara yanka kuwa sai na bi filin da ƙafa ina tsince duwatsu. Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni: da ta ɗan yi tsalle a kan tudu, sai ta mutu. In tayar, in yi gaba kaɗan, ta sake mutuwa. Ga masu shara da mai dafa abinci suna kallo.

"Lokacin Sule ba ta haka," in ji mai dafa abincin. Wallahi maganar nan ta ƙona mini rai.

Na ɗaga kujerar, sai na ga wani ɗan maɓalli da wayoyi biyu. In mutum ya zauna, nauyinsa ya danne shi, inji ya yi aiki. In ya ɗaga, inji ya mutu. To Sule ya kai buhun gero biyu, ni kuwa in iska ta yi ƙarfi sai na riƙe bango. Kowane tsalle sai in tashi sama kaɗan, maɓallin ya ɗauka na sauka. Akwai littafinta da Faransanci har da hotuna, yana nan cikin akwatin kayan aiki. Ban buɗe ba. Na yi abin da muka saba yi wa motopom in wani abu ya dame mu: na yanke wayoyin, na murɗe su wuri ɗaya, na naɗe da leda. Daga ranar ba ta sake mutuwa ba. Har na ce wa Hajiya, "Wani ciwo ne da ta zo da shi tun daga Turai, na warkar da shi." Ta ce Allah ya yi albarka. Ni kuma na amsa da amin, ba ko kunya.

Ranar Alhamis ɗin akwai walima washegari, Hajiya ta ce lallai a gama yanka kafin magariba. An kira la'asar saura mini layi uku, na ce bari in ƙarasa sannan in yi salla. Baba Attahir, tsohon da ke tsaron ƙofa, ya shimfiɗa tabarmarsa can ƙarshen filin daga gabas, inda kullum yake salla saboda inuwa. Ya ajiye butarsa da takalmansa a bayansa, ya kabbara. Ni ina daga yamma, na juyo da tondez ta fuskanci wajensa, da niyyar in karya kwana tun daga nesa.

Daidai nan Hajiya ta fito baranda da baƙi uku, tana nuna musu filin. Shaiɗan ya ce mini ga ranarka. Na ƙara bites don ta yi gudu, na gyara zama, na saki hannu ɗaya daga bolan, wato sitiyari, na ɗaga musu. (Har murmushi na yi, Allah ya yafe mini.) Ban ga reshen bagaruwar da ya sauko ba. Ƙaya ta kama jelar rawanina, na ji an fizge ni ta wuya, sai ga ni rigingine a ƙasa ƙafafu a sama.

Abin da na fara ji kunya ce. Sai kuma kunnena ya gaya mini wani abu: injin bai mutu ba. Na ɗaga kai. Tondez na tafiya ita kaɗai, kujera babu kowa, wuƙaƙe na feso ciyawa ta gefe, kuma ta miƙe sak inda Baba Attahir yake. Bites ɗinta na hannu ne, in ka sa ba ta buƙatar ƙafarka. Shi kuwa ya ba ta baya, yana tsaye hannuwa a sake.

Na zabura, rawani ya mayar da ni. Rabinsa na kan ƙaya, rabi ya shaƙe ni. Sai da na yi ta juyi a wuri ɗaya ina warware kaina, a gaban Hajiya da baƙinta, har sanƙona ya fito fili. Na kwasa da gudu, takalmi ɗaya ya fita.

"Baba! Baba Attahir! Kauce!"

Bai motsa ba. Ya yi ruku'u.

Na ji Hajiya ta ƙwala salati daga baranda. Ɗaya daga cikin baƙin ya diro yana gudu, amma ya yi nisa. Ni kaɗai ne kusa. Ta gefe ba ta shiguwa, nan ne wuƙaƙen ke jefo abin da suka yanka, dole sai ta baya. Ina gudu ina lissafin tazarar da ta rage: taku ashirin, taku sha biyar. Baba ya tafi sujada, tafin ƙafafunsa biyu suna kallonmu. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Abin da ke cikin kaina kawai shi ne na san kaifin wuƙaƙen nan, don ni na wasa su da safe.

Na yi tsalle na cafke bayan kujera. Ta ja ni a kan gwiwoyi, wandona ya yage. Na miƙa hannu wajen lakile, makullin kashe inji, yatsuna suka zame. Na sake miƙawa na murɗe. Injin ya yi tari ya mutu, amma ta ɗan ƙara gaba, wuƙaƙen ba su gama juyawa ba. Na ji ƙarar buta ta tarwatse, takalmi ɗaya ya fito ta gefe gunduwa-gunduwa. Sannan ta tsaya. Tsakanin tayar gaba da dugadugan tsohon nan bai fi kamu ɗaya ba.

Ina kwance rabin jikina a kan kujera, ina haki, kai ba rawani. Baba Attahir ya ɗago, ya zauna, ya yi tahiya a natse. Ya yi sallama dama, ya yi hagu, idonsa ya faɗa kaina.

Hajiya ta iso da gudu. "Baba, ba ka ji ana kiranka ba? Ba ka ji ta tana zuwa ba?"

"Na ji, Hajiya. Har faɗuwarsa na ji." Ya dubi guntayen butarsa. "Ai shi ya sa ban damu ba. Shekara nawa ina ganin Sule da ita. Da ya ɗaga daga kujerar nan take mutuwa. Na ce yanzu za ta tsaya da kanta." Ya juyo gare ni. "Ɗana, yau mi ya same ta?"

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Tambaya yake yi tsakani da Allah. Na sauka, na ɗaga kujerar da hannuna, na nuna musu ƙullin ledar. Na ce, "Ni ne na same ta, Baba."

Hajiya ta daɗe tana kallon wayar. "Wannan ne ciwon da ka warkar?"

Na ce shi ne. Baƙin suka sunkuyar da kai, ɗaya yana danne dariya da bakin rigarsa.

Ba ta kore ni ba, Baba ne ya roƙa mini. A gabansu na mayar da wayoyin yadda suke. Washegari na buɗe littafin nan da na raina. Ashe maganin tsallen ba wani abu ba ne, a rage gudu kuma a matso da kujera gaba. Har hoton mutum ya faɗo an zana, da jan layi a kai.

Yanzu in inji ya yi mini gardama, sai na fara tambayar kaina ko wani yake karewa kafin in ɗauko abin yanka waya. Baba Attahir ya ce ya yafe mini duniya da lahira, kuma na yarda ya yafe. Sai dai har yau, da ya ga na ɗauki lakile, ko da ba lokacin salla ba ne, sai ya naɗe tabarmarsa ya koma bayan bango.