Man Keken Ɗinki a Birkin Alhaji

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina nakan haɗa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsayar da Alhaji Mamman da limamin unguwarmu a tsakiyar kasuwar Ƙarfi ba, hayaƙi na tashi ta ƙarƙashinsu.

Shekaru kaɗan ne bayan samun mulkin kai. Ina gyaran keke a gindin wata ceɗiya a Malumfashi, kuma ba yabon kai ba, na iya. Ilimin nawa dai bai wuce abu biyu ba: abin da ya ƙi motsi a wanke shi da kananzir, abin da ke ƙara a ɗiga masa mai. Da wannan nake ci, da shi na yi aure. Sai dai raina ba ya kan keke. So nake a ce mini bakanike. Duk babbar motar da ta lalace a tasha za ka same ni tsugune ina leƙe, ina gyaɗa kai kamar an tambaye ni, da yamma kuma in zo majalisa in ba da labari da “muka kwance” da “muka ɗaura”. (Abin da na riƙe a duk aikin bai wuce butar direba ba.)

Alhaji Mamman mai sayen auduga ne. Ya sayi ƙaramar mota a hannun wani Baturen gona da zai koma gida, ya ajiye ta a rumfa damina guda saboda tsoron taɓo. Da kaka ta yi aka fito da ita, sai ƙafar gaba ta dama ta riƙe. Motar na ja gefe guda, ƙarfen tayar kuwa ya yi zafin da za ka gasa masara a kai. Ga ɗaurin auren ɗan amininsa a Funtua saura kwana uku, kuma ya riga ya gaya wa duniya a motarsa zai je.

Ya aika aka kira ni zaure.

“Mai Keke, an ce ka san mota.”

Nan ne ya kamata in ce, “Alhaji, leƙe dai nake yi.” Bakina ya ce, “Ai Alhaji mota da keke duk ƙarfe ne.”

“To madalla. In ka gyara ta ta kai ni Funtua lafiya, rumfar nan tawa ta bakin tasha ta zama garejinka. Mun gaji da kai wa mutanen Funtua.”

Rumfar kwano ce, mai ƙofa. Tun kafin in fita daga zauren har na zaɓi inda zan kafa allon suna.

Na ɗaga motar na cire taya, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Birkin manyan motocin da na saba leƙe a cikin wani kwano yake. Wannan kuwa faifai ne, da wani dunƙulen ƙarfe da ya cije shi, wanda daga baya na ji ana ce masa kalifa. Na kwance shi, man ciki ya tsiyaye a ƙasa. Fistin ɗin da ke ciki, wato ƙarfen da mai ke turawa ya matse faifan, ya yi tsatsa ya kafe. Na yi ta ƙwanƙwasa, na yi ta lallashi, daga ƙarshe na haɗa famfon keke a bakin ramin mai na dinga bugawa, sai ji na yi fau! Ya yi tsalle ya faɗa cikin akurkin kajin Hajiya, matar Alhaji. Na goge shi da toka da tsumma har ina ganin haƙorana a jiki. Robobin ciki kuwa na yi musu wanka da kananzir, tas. Don tsabar ƙwazo har na kwance ƙafar hagu, wadda ba ta yi wa kowa laifi ba, ita ma na yi mata.

Saura mai. Na zaga gari ban samu man birki ba. Ina wucewa ta shagon wani tela na gan shi yana ɗiga wa kekensa mai, fari, siriri, kusan kalar wanda ya zube. Na ce yawwa, ai mai mai ne. Na cika ɗan tulun birkin da shi, na sa Alhaji ya dinga taka birki ina fitar da iska yadda na ga direbobi na yi. Muka zaga gari. Wallahi birki ya kama kamar sabo! Kwana biyu ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa, har na gaya wa matata ta daina ce mini mai keke a gaban mutane.

Ranar ɗaurin aure Alhaji ya ce in shiga gaba, bakanike ba ya zama a baya. Liman da wani dattijo suna baya, kowa ya sha farar riga. Mun ɗan yi nisa na ji motar na nishi. Alhaji na taka totur, ita kuwa kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri.

“Mai Keke, me ke nan?”

“Hawa ne, Alhaji.” (Gangara muke.)

Can sai wari. Liman ya ce, “Anya ba wani abu ke ƙonewa ba?” Na ce masu ƙona karan auduga ne. Muna shiga Ƙarfi, ranar kasuwa ce, titi cike, motar ta yi wani dogon kuka ta tsaya cak. Hayaƙi ya turnuƙe daga ƙafafun gaba biyu. Liman, wanda a sanina sai an kama shi yake miƙewa daga buzu, ya riga kowa fita, takalmi ɗaya a hannu.

Kasuwa ta watse ta dawo kanmu. Masu fura suka kawo ruwa aka sheƙa, tayoyi suka yi cuu. Majiya ƙarfi suka tura, ko gezau. Wani manomi ya kawo shanun huɗarsa aka ɗaura igiya, suka ja, suka ja, motar ta ɗan ja ƙafa a ƙasa, sai babban san ya durƙusa ya ƙi tashi. Duk wanda ya tambaya me ya faru, Alhaji sai ya nuna ni ya ce, “Ga bakaniken nan, ku tambaye shi.” Ni kuwa na shige ƙarƙashin mota da sufana, ba don akwai abin da zan kwance ba, sai don nan ne kaɗai ba a ganin fuskata.

Ina nan kwance wata babbar motar auduga ta tsaya. A cikinta akwai Baba Lamidi, Bayaraben bakaniken da duk direbobin Funtua ke rantsuwa da hannunsa. Ya gaida Alhaji, ya buɗe gaban mota, ya tsoma yatsa a tulun birki, ya shinshina, ya murza.

“Alhaji, wannan mota ce ko keken ɗinki? Wa ya zuba wannan?”

Ƙafafuna kaɗai ke waje, amma na ji yatsu sun yi ɗari suna nuna su. Na fito.

“Ni ne, Baba.”

“Robobin fa, da me ka wanke?”

“Kananzir.”

“Ka san roba tana kumbura in ta sha su?”

“Ban sani ba.”

Ya cire taya ya kwance kalifa, ya zaro roba ɗaya ya ɗaga sama kowa ya gani. Ta kumbura ta yi suntum kamar fanke. Dariyar da aka yi har yau ina jin ta a kunnena. Wata mai daddawa ta ce, “Ashe tela ne!” Sunan nan ya bi ni shekara goma.

Alhaji bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa kawai ya yi, “Rumfa dai sai wani jiƙon.” Aka tallafa musu suka hau bayan motar auduga, shi da Liman da dattijon, suka tafi ɗaurin aure a saman buhuna. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don na san garejin ya tafi, kuma bakina ne ya kore shi.

Baba Lamidi ya tsaya tare da motar. Yana juya fistin ɗin a hannu, sai ya ce, “Wa ya goge wannan?”

Na sunkuyar da kai, ina jiran kashi na biyu.

“Tambayarka nake. Da me ka fitar da shi?”

“Da famfon keke, Baba.”

Ya yi dariya har da riƙe ciki. “Yarana sai su sa guduma su lalata shi. Hannunka na da kyau, ɗana, kan ne babu kowa a ciki. Shi kuwa kai ana zuba masa. Ka zo Funtua ranar Asabar, amma ka bar ‘na sani’ a gida.”

Tare muka kwance komai, duk wata roba ta birkin sai da aka canza, aka wanke bututun. Shekara huɗu na yi a hannunsa, da aurena da gemuna ina wanke sufanu, kuma ban taɓa yin shekarun da suka fi su daɗi ba. Da na dawo Malumfashi rumfar tana nan, an cika ta da buhunan iri. Alhaji ya dube ni ya ce, “Tela, yanzu ka san mota?” Na ce, “Wani wurin, Alhaji.” Ya sa aka kwashe buhunan.

Abin da na koya shi ne, “ban sani ba” ko ka so ko ka ƙi sai ka faɗe ta. Zaɓin da aka bar maka kawai, ko ka faɗa wa mutum ɗaya a zaune, ko ka faɗa wa kasuwa guda a tsaye.