Ranar da Mama Rifkatu ta kawo mini takardun asibiti

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, lokacin muna haya a Unguwar Rimi. Har yau in na tuna sai na ji kaina ya yi nauyi.

Ni dai akawu ne a wata makarantar sakandare, ilimin kimiyyata bai wuce na ɗan aji uku ba. Wani abokin aikina ne ya nuna mini wata manhaja da ake sakawa a kwamfuta. Duk lokacin da ba ka amfani da kwamfutar, sai ta karɓo ɗan guntun lissafi daga wajen masu binciken ciwon daji, ta warware, ta mayar musu ta intanet. Mutane da yawa a duniya suna ba da aron nasu haka kyauta. Naka kawai ka bar ta a kunne.

Na saka. Abin alheri ne, bakina ne ya ɓata shi. A majalisa, a teburin mai shayi, har a cikin keke napep, zancena ɗaya ne: "Ai yanzu muna binciken maganin ciwon daji ne tare da Turawa." (Wannan "muna" ɗin ita ta kai ni ta baro.) Mutanen layinmu suka fara kira na Dakta, ni kuwa ban hana ba.

A ranar Asabar ɗin, da hantsi, aka yi sallama. Maƙwabciyarmu ce, Mama Rifkatu, tsohuwar malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna. Mijinta, Baban Ishaya, ya yi wata huɗu a kwance da ciwon daji. Ta zauna a bakin kujera, ta kwance wata leda, ta fito da takardun asibiti ta ɗora mini a cinya.

"Ɗana, an ce kana cikin masu neman maganin ciwon nan. Likitoci sun ce mu koma gida mu yi ta addu'a. Duba mini, ko naku maganin ya kusa fitowa? Zai iya jira kaɗan."

Na riƙe takardun, ban san samansu da ƙasansu ba. Matata na tsaye a ƙofar kicin, ta sunkuyar da kai. Da ƙyar na ce, "Mama, ni ba likita ba ne. Kwamfutata kawai nake bari a kunne, ita ke taya su lissafi."

Ta ce, "To, nuna mini ita."

Na ɗauko na buɗe. Ta sa tabarau ta karanta da kanta: rabon manhajar da aiki sati bakwai. Ni na tsayar da ita da hannuna, wai tana cinye mini caji in zan kalli ƙwallo.

Ba ta yi faɗa ba (da ma ta yi, da na fi samun sauƙi). Ta tattara takardunta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure ledar. Sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Kunna ta, ɗana. In ba ta riski nawa mijin ba, ta riski na wata."

Ba a yi sati biyu ba Baban Ishaya ya rasu. Da na je gaisuwa ta yi mini godiya a gaban mutane, godiyar da ta fi mari zafi.

Tun ranar na gane cewa fariya ba ta tsayawa a inda ka yi ta, tana tafiya har kunnen mai buƙata ta gaske. Yanzu mun raba aiki: kwamfutar tana lissafinta, ni kuma ina kama bakina. Gaskiya nawa ya fi wuya.