Muryar Tabawa da Kokon Sagiru

Ladidi mai kitso ce ta fara ba ni labarin nan, ranar da take yi mini shuku, ina dariya tana dungure mini kai wai zan karkata mata tsaga. Bango ɗaya ya raba ta da gidan da abin ya faru, don haka ba ƙari a ciki.

Tabawa zabiya ce a Funtuwa, shekara arba'in tana waƙar biki. Muryarta dai ga ta nan, amma abin da take taƙama da shi numfashi ne. In ta ja "ayyaraye" guda, sai mace ta shiga ɗaki ta ɗauko gishiri ta dawo, ita ba ta dire ba. To, tana da jika, Sagiru, a hannunta ya tashi, har gemu ya fito yana cin tuwonta. Shi ne ya mai da shagon ƙofar gida situdiyo, ya lilliƙe bango da soso, ya tara lasifikoki. Kullum yana binta: "Amaryata, zo in ɗauki muryar nan kafin ki mutu ki bar mu da hoto." Ita kuma ta ce, "Kai za ka riga ni, mijin banza." Da ya ishe ta sai ta shiga, ta yi masa waƙar amarya, ta ja ta har sai da ya cire abin kunnensa ya tsaya kallonta.

Kwana uku waƙa ta cika wayoyin gari. Tabawa ba ta sani ba, tata wayar ta kira ce kawai. Sai dai ta ga mata suna ta shigowa da lemo a leda: "Sannu Iya, ya ƙarfin jiki?" Ta ce lafiyarta ƙalau, su ce Allah ya ƙara sauƙi. Ana haka sai ga Hajiya Uwani, uwar amaryar da Tabawa za ta yi wa waƙa ranar Asabar.

"Iya, ki huta abinki, mun ji halin da ake ciki. Za mu kira Asabe ta riƙe mana bikin."

Asaben nan fa 'yar amshin Tabawa ce a da, wadda ko ƙwarya ba ta iya kifawa daidai ba.

"Wane hali?"

Hajiya ta danna wayarta. Sai ga kiɗa kamar ana luguden daka, ga muryar Tabawa a kai: "A-a-a-ayya, ya-ya-ya-ya, ra, ra, ye!" Tana ɗaukewa tana dawowa, kamar mai shaƙuwa a bakin makirfo.

Tabawa ko mayafi ba ta tsaya nema ba, sai shago.

"Sagiru, injinka ya lalace, ya tauna mini waƙa!"

"Lafiyarsa ƙalau, tsohuwa. Ni na yi da hannuna, kwana biyu ina fama."

Har da jawo mata kujera, don yana jin ya yi abin kirki. Ya nuna mata muryarta a kwamfuta, doguwa kamar igiyar shanya. Ya nuna inda ya yanyanka ta ƙanana, ya ɗauki guntun farko ya jera shi sau huɗu, kowanne ya faɗa kan bugun ganga. Ya ce akwai kuma wani abu da ya sa, kamar ƙyaure, yana buɗewa yana rufewa a kan muryar daidai da kiɗa. "In na kai shi sau takwas da sauri, nan ne rawa take tashi."

"Wato da gangan ka sa mini i'ina? Ni da ko a goyo ban yi ba?"

"Yayi ne, amaryata. Kunne in aka ba shi abu a miƙe gundura yake yi. Sai ana miƙa masa ana janyewa, sannan yake sanin daɗinsa."

"To na ji. Ka fitar da ta ainihin, ka kai wa Hajiya Uwani ta ji kafin Asabar."

"Haba! Waccan ai ta tsufa kamar mai ita. Wa zai saurara?"

Tabawa ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "To." Duk wanda ya san Tabawa ya san wannan "to" ɗin, amma shi jika ne, ya sha gata ya manta.

Washegari da safe ta dama koko mai citta, irin wanda yake so, ta soya ƙosai da kanta. Ta ƙwala kira: "Angona, fito ka karya, yau gata zan yi maka." Ya fito yana miƙa, ya tanƙwashe ƙafa a tabarma. Ƙosan nan ta yanyanka shi mitsi-mitsi, ta jera a faranti layi-layi. Ta ajiye kwano a gabansa, hannunta ɗaya a bakin kwanon, ɗayan yana buga bayan ƙwarya. Ya kai ludayi, ta janye. Ta mayar, ya ɗebo rabi, ta janye. Ta mayar, ta janye, ta mayar, duk a kan bugu, ko kuskure babu. Abin da ya shiga bakinsa bai kai wanda ya zuba a gemu ba.

"Iya, don Allah mene ne haka? Ki bar ni in sha a miƙe mana, yunwa nake ji!"

"A miƙe? Wannan ai ya tsufa kamar mai shi. Baki da kunne maƙwabta ne, ba na so ya gundura."

"To na ji, na ji! Zan kai wa Hajiya ta ainihin. Gobe."

"Gobe? Madalla. Wannan sau huɗu ne kawai, angona. Tuwon dare sau takwas ne, nan ne ka ce rawa take tashi."