Haƙoran Kawu da Man Shanu

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da haƙoran Kawu Sale suka faɗa cikin tiren goro ba, domin ni na jawo.

Aikina haɗa haƙoran roba a wani ƙaramin asibiti a nan Daura, shekara goma sha huɗu ke nan. Akwai wata roba mai laushi da muke kwaɓawa mu shimfiɗa a cikin haƙoran don kada su gurje wa tsofaffi dasashi. Matsalarta ita ce takan yi tauri, kuma fumfuna na son ta. Haka muka saba, har aka kawo mana Sagir, wanda ya yi ƙarin karatu a Kano. Shi in zai kwaɓa, sai ya ɗiga man habbatus-sauda da wani siririn ma'auni, wai yana hana ta tauri da fumfuna, kuma a kan haka ya yi bincike. Kafin wata uku tsofaffi har daga Mashi suke zuwa, su wuce teburina kamar ba kowa a wurin, suna tambayar "likitan nan mai habbatus-sauda". (Ba likita ba ne. Na sha faɗa musu, ba mai saurarena.) Hassada ta cika min ciki, in na ji an yabe shi ko abinci ba ya min daɗi.

Ana cikin haka Kawu Sale, yayan mahaifiyata, wanda ni na yi masa haƙoransa tun farko, ya shigo ya ce, "Kai, haɗa ni da abokin aikin nan naka. Ran Juma'a ni zan ba da auren jikata, ba na son ciwon baki."

Kawuna ma! Na ce, "Haba Kawu, ai mai ne kawai yake sawa. Nawa ya fi nasa."

Ba ni da nawa. Tambayar Sagir kuwa, gara in mutu. Sai na shiga kasuwa na sayi man shanu wajen wata Bafulatana. A lissafina, in ɗigo yana aiki, cokali ya fi shi. Na zuba cokali guda, kwaɓin ya ƙi kamewa sosai, na shimfiɗa shi haka a haƙoran Kawu, na ce zai ƙarasa kamewa a baki. Kawu ya sa, ya tsotsa, ya ce, "Kai, har da ƙamshi!" Ni kuma na bi majalisa ina shelar cewa na gano abin da 'yan boko ba su gano ba.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru a ƙofar gida, rana kamar ta dafa mutum. Sagir ma yana nan, ta wajen dangin ango. Liman ya tambayi waliyyi. Kawu ya gyara zama, ya buɗe baki ya ce, "Na ba..." Haƙoran sama suka sulɓo, suka daki gwiwarsa, suka dira a kan goro suna ƙyalli.

Sagir ya miƙa hannu ya naɗe su a hankici, ya ce, "A yi haƙuri, kayan aikin da aka kawo mana ne ba su da kyau." Rufa min asiri yake yi, kuma wallahi wannan ya fi komai yi min ciwo.

Kawu bai yarda ba. Ya nuno ni da yatsa, baki a shafe, ya ce, "Wane kaya? Wancan ne ya cika min baki da man shanu!"

Liman da kansa sai da ya rufe fuska da rawani. Haka aka ɗaura auren, Kawu na magana da dasashi.

Ran Litinin na je teburin Sagir na tambaye shi ɗigo nawa ake sawa. Ya ce, "Yaya, da tuntuni ka tambaya," ya jawo min kujera. Har yau ina ɗan jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Amma na koyi cewa in hassada ta hana ka tambaya, to aƙalla kada ka gwada a bakin kawunka. Shi kuwa Kawu yanzu wajen Sagir yake zuwa, in ya zo wucewa ta teburina sai ya ɗaga hannu ya ce, "Mai man shanu, yaya kasuwa?"