Rasuwar Mai Baki Huɗu a Bakin Aiki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da sunkuyar da kai ba, ni Mudassir mai shagon kwamfuta a bakin kasuwar Ajingi nake sanar da rasuwar Mai Baki Huɗu, 'yar na'urar nan da ke raba ramin USB ɗaya na kwamfutata zuwa huɗu. Ta cika jiya da la'asar, tana da shekara shida.

Marigayiya ba ta da kyau. Salatif ne ya riƙe wuyanta, fitilarta kuma ta daɗe da mutuwa. Amma ba ta taɓa sakin abin da aka soka mata ba. Maganarta ɗaya ce, “ɗilin”, wato ta karɓa.

Ga yadda ajali ya zo. Ƙungiyar manoman gyaɗa ta Toranke za ta yi wa mutum ɗari huɗu rajista, shugabanta Baba Kashim ya ce sai an gwada masu nema kafin ya ba da aikin. Yusuf, abokin hamayyata daga Gaya, ya zo da sabuwa fil mai baki bakwai da shuɗiyar wuta. Kowa aka ɗora masa firinta da sikana da na'urar ɗaukar yatsa, aka ba shi takarda arba'in.

Baba Kashim, kamar kowane dattijon da ya ga rami a buɗe, ya soka cajin wayarsa a ta Yusuf. Nan take mai baki bakwai ta saki sikana. Yusuf ya fizge wayar tsoho ya ajiye gefe, a gaban jama'a.

Da aka zo kaina, Baba ya sake sokawa a bakin da ya rage. Na ga Mai Baki Huɗu ta yi zafi, na ji ƙauri. Amma ni ba a haife ni in cire wa sa'an kakana waya ba. Haka ta ja kaya huɗu har takarda ta arba'in ta fito, sannan ta ce “tsit”, ta yi shiru. Wallahi na yi hawaye, kuma ban ɓoye ba.

Ta bar firinta ɗaya, sikana mai ciwon ido, da filashi uku marayu.

Ina jin Yusuf na yawo a Gaya yana cewa aikin zai dawo hannunsa, ko in zo aron tasa. Ya daina wahalar da bakinsa. Baba Kashim ya ba ni aikin, kuma ko da hannu zan riƙa cire wayar wannan na'ura ina soka ta waccan har mutum ɗari huɗu, zan yi.

Ba za a binne ta ba. Gobe bayan azahar za a rataye ta a saman ƙofar shago, inda duk mai tafiya Gaya zai gan ta. Masu zuwa ta'aziyya su zo da wayoyinsu a cike da caji, ban da Baba Kashim. Shi na ware masa soket ɗinsa daban.