Rasuwar Randar Inna Ikilima

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma maƙogwaro a bushe, Inna Ikilima ta gidan marigayi Malam Sha'aban, a wani ƙauye gabas da Tsanyawa, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar randarta, wadda ta cika ranar Laraba da hantsi, bayan doguwar jinya a kusa da turken awaki.

An haifi marigayiya a Dawakin Tofa, daga laka da ruwa da wutar kara. Malam Sha'aban ne ya kawo ta gidan a bayan jaki, tun Inna tana goyon fari. Aka haƙa mata gurbi a kusurwar rumfa, aka zuba yashi, ta zauna, kuma ba ta sake neman komai a wurin kowa ba sai wanki ranar Juma'a. Ta shayar da 'ya'ya da jikoki, da manoman da suka dawo gona harshe a waje, da Fulani masu tallan nono, da masu azumi a tsakiyar bazara. Ba ta taɓa cewa sai an kawo wuta ba. Ba ta san kalar fetur ba. Ba ta da yawan surutu. Abin da aka sani daga bakinta shi ne "ɓulum", idan moɗa ta nutse. Sau ɗaya ta taɓa tsagewa a kafaɗa, Inna ta liƙe ta da ɗan siminti, ta koma bakin aiki ba ƙorafi.

Ciwon ajali ya shigo gidan ne a bayan a-kori-kura, jajibirin babbar salla. Zaharaddini, autan Inna, mai sayar da waya a Kano, shi ya sauke wani farin firji mai tsawon mutum, unguwa ta taru tana kallo. Ya dubi marigayiya ya taɓe baki.

"Inna, duniya ta ci gaba. Wannan tukunyar ai matattarar cuta ce."

"A cikinta ka sha har ka yi gemu," in ji Inna. "Kuma da wace wutar? Rabonmu da ita tun kaka."

"Akwai janareto, Inna."

Da yake kusurwar rumfa ce kaɗai wayar wuta take kaiwa, aka tono baiwar Allah daga gurbinta, aka jingine ta a rana, gindinta a kan tsakuwa. Janareto ya yi ruri har naman salla ya ƙare, mai ma ya ƙare, mai ci gaba ya hau mota ya koma birni. Inna ta yi ta neman mai ƙarfin da zai taya ta mayar da randa inuwa, amma firji ya cinye wurin, kuma samarin gidan sun ce kar a taɓa kayan Zaharaddini. Ana cikin haka bunsurun gidan ya tsinke igiya ya bi wata akuya da gudu. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "ɓas". Ba a zargin bunsuru, domin shi bai yi makaranta ba.

Magajinta firji yana nan a tsaye cikin ƙoshin lafiya. Sama kuka da daddawa, ƙasa atamfofin Inna, bayansa kuma ɓeraye sun tare. Tun ranar da aka tono randa ruwan sha ya koma jarka, mai ɗumi kamar na wankan jego, yana ƙamshin man da aka taɓa zubawa a ciki. Wanda ya gaza sai ya aika a sayo ruwan leda. Ledojin sun cika tsakar gida, sun bi taki sun tafi gona, garma tana tono su a kowace kunya. Jar akuyar da Inna take tatsa ta rame ta daina kiwo. Da aka yanka ta, mahauci ya zaro dunƙulen leda daga tumbinta ya ɗaga wa jama'a. An sanar da Zaharaddini ta waya. Ya ce a yi haƙuri, yana nan yana binciken sola.

Marigayiya ta bar moɗa guda, da faifan da yake rufe mata baki, da ƙanenta tulu mai karyayyen wuya, da wani kwaɗo da ya daɗe yana haya a gindinta, wanda har yanzu ba a san inda ya nufa ba.

Liman ya ce ba a yi wa tukwane salla, don haka za a yi jana'iza a taƙaice gobe bayan la'asar. Gindinta zai koma wurin kaji su riƙa shan ruwa. Babban tsingaro an ware shi na ɗebo garwashi. Sauran za a dake shi a kai wa magina su kwaɓa da sabuwar laka, domin Inna ta riga ta aika a gina mata wata, kuma ta rantse a kusurwar rumfa za ta zauna, ko da firji zai kwana a zaure.

Ana karɓar gaisuwa a tsakar gida. Masu zuwa su taho da ruwan shansu, kuma kowa ya koma da ledarsa.